Ranar da Auta Ya Karanta "Mama"

Auta yana da shekara 4 da 'yan watanni na gano cewa duk ABCD ɗin nan da yake rerawa, babu ko harafi ɗaya da ya sani a ido. Yana iya jan ta daga A har Z ba tuntuɓe, in an yi baƙi mu kira shi ya rera, a tafa masa, ni kuma in yi ta washe baki. Wata ranar Asabar ina gyaran ɗaki na ci karo da kwalin haruffan roba na yayyensa, na zazzage su a ƙasa, na ɗaga ɗaya na ce ya faɗa min sunansa. M ne a hannuna. Ya dubi harafin, ya dube ni, ya ce "A". Na ɗaga wani, ya ce "B". Na uku ko kallonsa bai yi ba ya ce "C". Ashe a wurinsa duk abin da aka fara ɗagawa A ne, mai bi masa B, haka har a ƙure. Da na tambaye shi wane harafi ke bin K, sai ya ce min "elemeno", wai harafi guda ke nan.

A daren na kira Yaya, wadda ta fi shekara 20 tana koyar da 'yan aji ɗaya.

"Yaya, yaron nan fa bai san komai ba, tun tuni yaudarar kanmu muke yi."

Ta yi dariya har sai da na ji haushi. "Ke dai kin cika gaggawa. Waƙa ya iya, kuma iya waƙa ba laifi ba ne. Amma ki ajiye sunayen nan tukuna. Ki koya masa abin da harafi yake faɗa, ba yadda ake kiransa ba."

Ban gane ba sai da ta ba ni misali. Ta ce in rubuta "baba", in karanta da sunayen haruffan kamar yadda Auta ya haddace su. Na ce bi, e, bi, e. Ta ce, "To ina baba a nan?" Na yi shiru. Ta ƙara nuna min abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon karatuna: a Turanci sunan A shi ne "e", sunan E kuma "i", sunan I kuwa "ai". Yaron da zai karanta Hausa ya haddace wannan, an riga an juye masa wasula uku cikin biyar tun bai fara ba. C kuma da ake kira "si", a Hausa ita ce farkon "ciki" da "cokali", babu ruwanta da s. Ta ce sunayen za su yi masa amfani nan gaba, amma ba su ke buɗe karatu ba.

Ta kafa min sharuɗɗa guda uku. Kada zama ya wuce minti 10. Kada in bi jerin A, B, C. Kuma in fara da ƙananan baƙaƙe, tunda kusan duk abin da yaro zai gani a shafin littafi ƙanana ne, manyan sai a farkon jimla da farkon suna.

Mako na farko ko takarda ba mu taɓa ba, kunne muka yi ta gyarawa. Nakan ce masa, "Ina ganin wani abu a ɗakin nan da ya fara da mmm," shi kuma ya nemo. A nan na ga irin nisan da ke tsakanin babba da yaro a wannan sha'ani. Ni kalma tana da farko da ƙarshe, shi kuwa kalma ita ce abin da kansa. Na tambaye shi, "Auta, da me kare ya fara?" Ya yi tunani sosai, ya ce, "Da hanci." Babansa da ke gefe ya ce ai yaron ya fi ni gaskiya. Sai da na dinga jan farkon kalma kamar mai in'ina, mmmota, mmmadubi, mmmage, kwana huɗu ko biyar, kafin wata safiya ya nuna kansa a madubi ya ce, "Umma, madubi da mota iri ɗaya suke farawa." Daga ranar wasan ya zama nasa, har sai da ya ishi mutanen gidan.

Sannan muka fito da haruffa, biyu kacal: m da a. Yaya ce ta zaɓa, kuma da dalilinta. Ana iya riƙe m a baki a ja ta iya tsawon numfashi, haka s da n da f da l. Amma b da k da t da d fashewa suke yi su wuce, ba a iya jan su, yaro bai gama jin su ba sun ɓace. Na samo samfefa, takardar nan mai kaushi da kafintoci ke goge katako da ita, na yanka m da a masu girman tafin hannu, na manna a kwali. Dabarar ba tawa ba ce. Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a birnin Rum a 1907, ita ta shahara da ita: yaro ya bi harafin da yatsa biyu, yana jin kaushinsa, yana furta sautinsa, ido da hannu da baki su yi aiki lokaci guda. Bayan ya shafa sau uku ko huɗu, sai in tura masa tire mai yashi ya zana da kansa. Abin da na fi so da yashin shi ne ba ya ajiye kuskure. In ya ɓata, girgiza tiren kawai zai yi, babu jan biro, babu ramin da magogi ke hudawa a takarda.

Cikin mako uku ya san m, a, k, b, i, u. In na ɗaga kowanne zai faɗi sautinsa ba jinkiri. Na ɗauka an gama mai wuya. Ashe ko farawa ba a yi ba.

Haɗa sauti biyu su zama gaɓa, shi ne dutsen da muka fi daɗewa muna hawa. In ajiye m, in ajiye a kusa da ita, in ce ya karanta. Ya ce "m", ya numfasa, ya ce "a". In ce to haɗa su. Ya sake cewa "m", ya sake cewa "a", da ƙarfi wannan karon, ko a ganinsa ƙarfin ne haɗawar. Wani lokaci ya ce "am". Wani lokaci ya kalli fuskata yana neman amsar a can. Mun fi mako biyu a haka, har na fara tunanin ko akwai abin da ke damun yaron, na kwana ina juyi.

Da Yaya ta zo mana ziyara na ce ta zauna ta gani. Ba ta bari na kai minti biyu ba ta ɗaga min hannu.

"Sake faɗin wannan."

Na ce, "Bu."

"Wannan fa?"

"Ku."

"To ke ce matsalar, ba shi ba. Wa ya ce miki akwai u a jikinsu? Kin ba yaro bu, a, bu, a, kin ce ya fitar da baba. Ko ni ba zan iya ba."

Kunya ta kama ni. Bakin Bahaushe bai saba sakin baƙi shi kaɗai ba, kusan kullum da wasali a bayansa, shi ya sa nake liƙa masa u ban sani ba. Ko m ɗin ma "mu" nake cewa rabin lokaci. Sai da na tsaya gaban madubi ina koyon datse sautin, in rufe leɓe in sake shi ba tare da na ƙara komai ba.

Daga nan ta karɓi haruffan. Ta ajiye m a wannan gefen tabarma, a kuma a wancan gefen, tsakaninsu kamar kamu biyu. Ta ce masa, "Auta, m mota ce. Za ka tuƙa ta, kuma ba za ta daina kuka ba sai ta bugi a." Ya ɗora yatsa a kan m, ya fara turawa yana "mmmmm", numfashinsa ya ƙare a rabin hanya, ya tsaya. Ta matso da a kaɗan. Ya sake. Mmmmm, robar ta taɓa 'yar'uwarta, bakinsa ya buɗe da kansa: "mmma". Bai ma san ya yi wani abu ba. Ta sa ya maimaita sau biyar, tana rage tazarar kowane karo, har haruffan suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Sai ta ɗauko wata m da wata a ta jera a gabansu. Ya ce "ma". Ya matsa da yatsa, ya ce "ma". Ta ce, "Yi sauri." Ya ce "ma, ma". "Ƙara sauri." Ya ce "mama", ya yi tsit. Na ga idonsa ya bar robobin ya dawo kaina, ya koma kansu. Ya ce, a hankali kamar mai tsoron kada abin ya gudu, "Umma, an rubuta mama a nan." Ya tashi da gudu ya je ya jawo hannun babansa ya zo ya gani, wai kada a taɓa, kada a share wurin. Haruffan nan huɗu sun kwana biyu a tsakiyar tabarma muna zagaye su.

Bayan wannan abubuwa suka yi ta zuwa da sauri: kaka, baba, baki, kuka, kai. Hausa tana da sauƙi ta wannan fuska, yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali, in yaro ya iya haɗa biyu ya iya rabin aikin. Na ƙara masa e da o, sannan n, s, t, r, kusan harafi biyu a mako.

Na so in sake faɗawa ramin da na fito. Na rubuta masa ba, be, bi, bo, bu a jere, yana bi yana rerawa, daɗi ya kama ni. Rana ta uku na rufe huɗu da hannu na bar "bo" kaɗai, sai na ji yana gunguni daga farko, ba, be, bi, yana ƙirgawa har ya iso. Waƙa ce ta dawo ta wata ƙofar. Na yayyanka takardar, kowace gaɓa da ƙyallenta, na zuba a gwangwani yana zarowa ɗaya ɗaya. Yaya ta ƙara min wata dabarar, ta ce in riƙa rubuta masa kalmomin da babu su, don in tabbatar karantawa yake yi ba canka ba. Ta ce a Ingila ma tun 2012 ana yi wa 'yan shekara 6 gwaji da kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru ne marasa ma'ana, saboda wannan dalilin. Na rubuta "nobu". Ya karanta daidai, ya ɗago kai.

"Umma, mene ne nobu?"

"Ba komai ba ne."

"To me ya sa kika rubuta?"

Ban sami amsar da ta gamsar da shi ba, sai muka yanke cewa Nobu sunan wani dodo ne, yana da ƙane Kimu da ƙanwa Sotu. Dodannin nan sun yi mana aiki fiye da yadda na zata.

Inda na yi abin da har yau nake jin nauyinsa shi ne wajen b da d. Ya san b sarai, wata guda yana karanta ta. Ina kawo d sai duk biyun suka rikice. Ya karanta "dami" a matsayin "bami", ya rubuta "daba" yana nufin baba. Wata rana da yamma, na gaji, na gyara masa sau shida a layi ɗaya, a na bakwai na buga tafi a tebur na daka masa tsawa, na ce wai shi ba ya gani ne. Bai yi kuka ba. Ya ajiye fensirin a hankali, ya sauka daga kujera, ya tafi. Kwana huɗu in na ɗauko kwalin haruffa sai ya ce cikinsa na ciwo. Babansa ne ya ce min, "Ki bar shi ya huta, ke ma ki huta. Ba jarrabawa zai zauna gobe ba." A daren ya ɗauki kofi ya ajiye a gabana, mariƙinsa na kallon dama, ya ce mene ne wannan. Na ce kofi. Ya juya mariƙin hagu. Na ce kofi ne mana. Ya ce, "To shekara huɗu duniya tana koya masa cewa abu ko ta ina ya juya shi ne dai. Yau kin zo kin ce in sanda ta koma wancan gefen, wani abu ne daban." Daga baya na karanta cewa masu binciken ƙwaƙwalwa ma haka suke bayani: ido ya saba ɗaukar abu da juyayyensa a matsayin abu guda, sai mai koyon karatu ya warware wannan sabon, shi ya sa juya harafi ya zama ruwan dare ga yara har wajen shekara 7.

Na ba Auta haƙuri, da baki, kamar yadda zan ba babba. Sannan na ɓoye d gaba ɗaya na mako biyu. Da na dawo da ita, ta hanyar baki na bi. Muka tsaya gaban madubi: in za ka ce b, leɓɓanka a rufe suke, sun yi layi miƙaƙƙe, don haka sanda ake fara ja, sannan ciki. In za ka ce d, baki a buɗe yake, don haka da'ira ake fara yi, sannan sanda. Ban ce dabarar ta warware komai nan take ba, amma ta ba shi abin dubawa da kansa maimakon kallon fuskata.

Ɗan Hausa kuma ba b da d kaɗai ke gabansa ba, huɗu ne: b, d, ɓ, ɗ, ga kuma k da ƙ. Abin mamaki, masu ƙugiyar ba su ba shi wahalar da na ji tsoro ba, domin kunnensa ya riga ya san bambancin tun yana koyon magana. Na ce masa "kare", na ce "ƙare", ya yi dariya ya ce ai ba ɗaya ba ne. Na ɗora yatsunsa a maƙogwarona ya ji yadda yake ɗagawa in na ce ƙ, ya koma yana taɓa nasa. Ƙugiyar ya sa mata suna "hula". Su waɗannan haruffa ba su daɗe a rubutun boko ba, a shekarun 1930 aka shigo da su, kafin nan da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko 'yar alama a gefensa ake nuna su. Ni kaina sai da na gyara hali, domin na saba tura saƙo a waya ba ƙugiya ko ɗaya, shi kuwa ya fara leƙen wayata yana ce min na manta hula. Sh da ts na bar su can ƙarshe, na ce masa aminai ne biyu da in sun haɗu murya ɗaya suke yi, ya karɓa ba musu.

Rubutu da fensir ya zo a baya, kuma da gangan na jinkirta shi. Makarantarsu ta riƙa ba shi aikin gida shafi guda cur na bin ɗigo-ɗigo, A babba har layi goma, yaron da yatsunsa ba su gama ƙwari ba. Yakan damƙe fensirin da dukan hannu kamar mai riƙe muciya, ya danna har takarda ta yage, kafin layi na uku ya gaji. Na daina tilasta masa gamawa. Na karya kalar zane gida uku na ba shi guntun, guntun da ba zai damƙu a tafi ba, dole ya kama da yatsa uku. Muka fara da manyan zane a kan kwali, tsaye, kwance, da'ira, kafin mu sauko kan layin littafi. Abu ɗaya na tsananta a kai, inda ake fara harafi da inda ake bi, daga sama zuwa ƙasa, domin na ga in hannu ya saba da hanya ɗaya, juyawar tana raguwa. Kyan rubutu ban dame shi da shi ba. Akwai wani bincike da Karin James ta jami'ar Indiana a Amurka ta fitar a 2012 a kan yara 'yan shekara 5: waɗanda suka zana harafi da hannunsu, sassan ƙwaƙwalwar da ake karatu da su sun fi motsawa in sun sake ganin harafin, fiye da waɗanda suka bi ɗigo ko suka danna shi a kwamfuta. Wannan ya kwantar min da hankali game da karkatattun a ɗinsa masu kama da ƙwai da ya fashe.

Turanci na bar wa makaranta da farko, sai da ya zauna daram a Hausa sannan na sa hannu. Ban yi nadama ba. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sauti wajen 44 a Turanci, harafi ɗaya ya yi murya uku, wani ya zauna a kalma bai ce uffan ba. Wani nazari da aka buga a 2003 ya gwada yara a harsunan Turai 13, ya samu cewa a yawancinsu yaro na karanta kusan duk kalmomin da aka ba shi a ƙarshen shekarar farko, masu koyon Turanci kuwa ba su kai rabi ba. Da Auta ya zo Turancin ya riga ya san cewa harafi sauti yake wakilta, kuma ana haɗawa daga hagu zuwa dama. Na ce masa haruffan nan yare biyu suke ji, kamar shi. Sunayen da ya haddace tun farko ma a nan suka yi rana.

Hausar ma tana da nata ɓoyayyen wuri. Ya karanta "gado" a wata jimla, ya ja a ɗin, ya fito da gadon da ake rabawa alhali na kwanciya ake nufi. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya, sai ma'anar jimla ta gaya maka. Na ce ya sake karanta jimlar daga farko ya ji wanne ya dace. Ya sake, ya gyara da kansa, ya ce rubutun ne bai faɗa masa ba.

Wata bakwai bayan ranar da na zazzage robobin nan, na hana shi fita wasa saboda ya watsa ruwa a kan littattafan yayarsa, na kuma yi masa faɗa sosai. Ya shige ɗaki ya yi shiru. Da babansa ya dawo, sai ga shi ya fito da 'yar takarda a ninke, ya miƙa masa ba tare da ya dube ni ba. Babansa ya buɗe, na leƙa ta kafaɗarsa. Da jar kala, layin ya gangara ƙasa kamar zai zube, an rubuta: "aba uma tayimin fada".

Babansa ya gyara murya ya karanta yadda aka rubuta. "Umma ta yi maka fada? Ikon Allah. Ashe sarki muke da shi a gidan nan ba mu sani ba. Ina fadar take?"

Auta ya fizge takardar, ya duba, ya motsa leɓe yana bin ta da yatsa. Ya koma ɗaki da gudu. Muna jin shi yana zazzage gwangwanin kala yana neman jar. Da ya dawo, ya ɗora wa d ɗin hula, babba, har ta taɓo layin sama, ya sake miƙa wa babansa, ya tsaya ya harɗe hannu yana jiran hukuncin da za a yanke min.